Zan fara shiga gaban manyan 'yan kasuwa: me zan sa, kuma ta ina zan fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Daura ne, shekarata 26. Na samu aiki da wani kamfani mai sayar da kayan sola a cikin Katsina. Aikina shi ne in riƙa zuwa wurin masu manyan shaguna, gidajen mai, makarantun kuɗi da ofisoshi ina gabatar da kayanmu. Wani abokina ya ce sai na sa kwat da taye kafin a ɗauke ni da daraja, wani kuma ya ce babbar riga zan ɗinka. Albashin bai taka kara ya karya ba. Me ya kamata in sa? Kuma idan na shiga gaban Alhaji, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya sa ka fara a sa'a. Abu biyu ka tambaya, suturar da za ka shiga da ita da kuma yadda za ka riƙe kanka idan ka shiga, amma a wurina tushensu ɗaya ne. Abokanka kowa ya faɗi abin da ya gani ne. Wanda ya ce kwat ya ga ma'aikatan banki, wanda ya ce babbar riga ya ga 'yan kwangila a ƙofar gidan gwamnati. Kai kuwa ba ɗaya daga cikinsu ba ne.

Na yi shekara 7 ina nemo wa wani banki masu ajiya a nan Katsina, daga baya na ajiye na kama harkar kayan noma, taki da iri da injinan ban ruwa, yau shekara 12 ke nan. Duk tsawon wannan lokaci sana'ata ita ce shiga gaban mutanen da suka girme ni, suka fi ni dukiya, in nemi su amince da ni. Abin da na fahimta shi ne, mutumin da kake zaune a gabansa tambaya ɗaya yake yi wa ransa: idan na ba yaron nan kuɗina, gobe in abu ya lalace zan gan shi? A harkar sola tambayar ta fi nauyi, domin kaya ne masu tsada, kuma aibinsu ba ya fitowa ranar da aka kafa su sai bayan watanni. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 masu tallar sola suka yawaita, kuma da wuya ka sami ɗan kasuwar da bai ji labarin wanda aka kafa wa batir mara kyau aka ɓace ba. Don haka kafin ka buɗe baki, Alhaji ya riga ya fara auna ka daga hula zuwa takalmi, yana neman alamar natsuwa.

Suturar da za ta raka ka ko'ina

Kaftani mai tsafta da wandonsa da hula. Wannan ita ce amsar, kuma za ta shigar da kai kusan duk inda aikinka zai kai ka, daga shagon Babbar Kasuwa zuwa ofishin shugaban makaranta. Ba sai Gezna ba. Shadda matsakaiciya ko yadi mai kauri da ba ya nuna singileti ya isa, muddin tela ya auna ka da kyau. Ɗinkin ya fi yadin muhimmanci. Kada rigar ta matse ka irin yayin da samari ke yi yanzu, domin za ka durƙusa gaisuwa, za ka zauna a tabarma, kuma wando ɗamamme yana ba da kunya a irin wannan zama. Aikin wuya ya zama kaɗan, da zare mai launin yadin. Launi kuwa ka tsaya a ruwan toka, shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa ko ruwan madara. Fari yana da kwarjini, amma ga mai yawo a kan babur cikin ƙurar hunturu, kafin azahar ya koma wani abu dabam. Ka bar shi sai ranar da ka san daga mota sai ofis.

Guga ba abin wasa ba ce. Tsohuwar riga da ta sha wanki da guga ta fi sabuwa da ta kwana a ƙudundune. Hula kuma kada ka kuskura ka shiga gaban dattijo babu ita. A garuruwanmu kai ba hula yana nuna ko dai yarinta ko rashin ɗaukar zaman da muhimmanci. Zanna guda biyu sun ishe ka, kana kai su wurin masu wankin hula a kan lokaci, domin bakin hula shi ne inda gumi da maiƙo ke taruwa, kuma daidai nan idon mutum ke sauka idan ka rusuna.

Takalmi shi ne abin da samari suka fi sakaci da shi. Ka sayi sau-ciki na fata, baƙi ko ruwan ƙasa, wanda ake cirewa ba tare da kwance igiya ba, saboda a rana ɗaya za ka iya cire shi sau biyar: ƙofar falo, bakin tabarma, masallaci. Silifas na roba ba na wannan aiki ba ne. Idan kana sa safa, ka tabbata ba ta huje ba kuma ba ta kwana biyu a ƙafa ba. Ni har yau akwai ɗan tsumma a jakata da nake goge takalmi da shi kafin in shiga wuri.

Yanzu maganar babbar riga. Babbar riga sutura ce ta matsayi, tana faɗin wani abu game da shekarun mutum da muƙaminsa. Matashi mai shekara 26 da ya zo neman ciniki cikin riga mai aska tara, ya shiga shagon da mai shi ke zaune da kaftani mara aiki, ya riga ya ɗaga kansa sama da wanda ya zo nema. Wannan ya taɓa faruwa da ni a shekarata ta biyu a banki. Na je wurin wani babban mai hatsi cikin sabuwar shadda da na ɗinka da Sallah, na same shi zaune a kan buhu yana lissafi da yaransa. Ya karɓe ni da mutunci, amma duk abin da na faɗa sai ya ce, "Ai ku ne manya." Bai buɗe ajiyar ba. Bayan wata biyu wani yaronsa ya gaya mini cewa da na fita maigidan ya ce yaron da ke sa irin wannan kaya da albashin banki, ba zai ba shi ajiyar kuɗinsa ba. Abin ya yi mini zafi, amma gaskiya ya faɗa a bisa abin da ya gani. Tun daga ranar nake kiyaye wannan: in fi kowa tsafta a wurin, amma kada in fi maigida ado. Babbar riga tana da ranarta, kamar bikin buɗe wani aiki da kamfaninku ya yi, ko rakiyar maigidanka zuwa fada. Ba yanzu ne lokacin kashe kuɗi a kanta ba.

Kwat kuma tana da inda take aiki: idan za ku gana da mutanen banki, ko wakilan wani kamfani da suka zo daga Legas ko Abuja, ko ƙungiyoyin ƙasashen waje. Ko a can ɗin ma ban taɓa ganin an raina mai kaftani mai kyau ba. Ka kuma tuna da zafin Katsina daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. Mutum cikin kwat da taye a kan babur a irin wannan rana zai isa jiƙe sharkaf, hankalinsa na kan wuyansa ba kan maganar da ya zo yi ba. A kasuwa kuma kwat takan sa a ɗauke ka jami'in haraji ko mai bin bashin banki, sai fuskoki su canza tun kafin ka yi sallama.

Akwai sutura ta uku da abokanka ba su ambata ba, kuma a sana'arka tana da amfani. Ranar da za ka je duba wuri, a auna rufi, a ƙirga kayan wuta, ka sa rigar kamfani mai tambari da wando mai kauri da takalmi rufaffe. Wanda ya gan ka ka hau tsani da kanka ka duba kwanonsa zai fi yarda cewa ka san aikin. Ranar magana dabam, ranar awo dabam.

Jiki kuwa, aski da gyaran gemu da yanke farce duk mako. Asuwaki ko buroshi kafin fita, kuma ka guji ɗanyar albasa da tafarnuwa da safe. Turare kaɗan, wanda sai an matso za a ji. Ofisoshi da yawa ƙanana ne kuma a rufe, turare mai ƙarfi yana sa wa wasu ciwon kai, ba kuma za su gaya maka ba.

Ga 'yan uwa mata masu irin wannan aiki da za su karanta, abin da na gani wurin abokan aikina mata da suka yi nasara shi ne atamfa ko abaya mara ƙyalƙyali, mayafi wadatacce ko hijabi, takalmi mara tsini, kwalliya da humra kaɗan. Sukan tsaida ganawa a shago ko ofis da rana, kuma zuwan farko su biyu suke tafiya. Su suka fi ni sanin sauran.

Kafin ka bar gida

Rabin aikin ana yin sa ne kafin a isa. Ka san wa za ka gani: me yake sayarwa, wa ke riƙe masa lissafi, shi ke yanke hukunci ko babban ɗansa ko manajansa. Sau da yawa matashi zai ɓata sati uku yana zarya wurin wanda ba shi da ikon cewa e. Idan akwai wanda zai gabatar da kai, ko da ta waya ce, ka neme shi. A Katsina da Daura "wane ne ya turo ni" ta fi kowace takarda buɗe ƙofa. Sai dai ka sani, wanda ya gabatar da kai ya ba ka aron mutuncinsa ne, idan ka yi wasa shi za a fara kira.

Zaɓen lokaci ma ilimi ne. Kada ka je wa ɗan kasuwa da sassafe yana buɗe shago bai yi cinikin fari ba, kada kuma ka je lokacin da masu saye suka yi masa yawa. Tsakanin ƙarfe 10 zuwa 12, ko bayan la'asar, ya fi. Ranar Juma'a daga hantsi ka bar mutane su yi shirin masallaci. Ka san ranakun kasuwanni, domin kai ɗan Daura ka san wanda ke harkar dabbobi ko hatsi ba a samunsa ranar Lahadi, yana Mai'aduwa. Da azumi a yi magana da safe, a gajarta. Idan an kira salla kuna tsakiyar zance, kai ne za ka fara yin shiru, ku tashi tare. Na ƙulla ciniki da yawa a hanyar dawowa daga masallaci.

Idan an ce ƙarfe 11, ka isa saura kwata, ko da ka san Alhaji ba zai fito ba sai 12. Jira yana cikin aikin. Idan daga Katsina za ka tafi Daura, tafiyar wajen kilomita 80 ce, ka ƙara wa kanka rabin awa saboda tasha da shingayen hanya. Kuma lokacin jiran nan kada ka zauna kana latsa waya kana ɗaure fuska. Ka gaida maigadi, ka gaida masinja, ka gaida yaran shago da sunayensu idan ka ji an kira su. Bayan ka tafi su za a tambaya, "Ya kuka ga yaron nan?" Su ne kuma za su gaya maka gaskiyar lita nawa janareta ke sha.

Shiga da gaisuwa

Ka yi sallama ka tsaya sai an amsa an ce ka shigo. Sunna ta koyar da neman izini sau uku, in ba a ba ka ba ka koma, kuma wannan ladabi yana aiki a ƙofar ofis kamar yadda yake aiki a ƙofar gida. Dubi bakin ƙofa: in ka ga takalma a ajiye, cire naka. Ka rusuna wa wanda ya girme ka. Kada ka riga shi miƙa hannu, in ya miƙo ka karɓa da hannu biyu. Idan Hajiya ce mai wurin, gaisuwar baki ce da rusunawa, "Ranki ya daɗe, ina wuni." Ka gaida duk wanda ke zaune, kada ka tsallake kowa, domin mai tsohuwar rigar da ke gefe yana iya zama yayan maigidan ko abokin shawararsa. Kada ka zauna sai an nuna maka wuri, kuma in shi yana ƙasa, kai ma ƙasa.

Ka kira mutum da abin da ake kiransa. Alhaji, Hajiya, Malam, Yallaɓai a ofis, "Allah gafarta Malam" ga malami, "Ranka ya daɗe" ga babba. In yana da sarauta, da sarautar ake kiransa ba da sunan yanka ba, kuma ya kamata ka bincika wannan tun kafin ka zo.

Gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce, kada ka yanke ta don ɗokin fito da takarda. Kwana, gajiya, iyali, kasuwa, zafi ko sanyi ko ruwa, duk a bi su. Daga nan kusan tabbas za a tambaye ka, "Ɗan ina ne? Gidan wa?" Ka faɗi gaskiya, unguwarku da sunan mahaifinka da sana'arsa, ko da kana ganin ba wani sananne ba ne. Kada ka jingina kanka da gidan da ba naku ba. Daura da Katsina ba su da girman da ƙarya irin wannan za ta kwana uku. Tambayar ba raini ba ce, so yake ya san inda zai bi sawunka. Idan ka haɗu da abokin wasa, kamar Banufe da Bakatsine, bar shi ya fara tsokanar, kai ka amsa da murmushi da kalma ɗaya. Siyasa kuwa, ko an jawo ka kada ka shiga.

Za ka ji masu horar da 'yan talla suna cewa a kafe mutum da ido don ya ga gaskiyarka. Wannan tarbiyyar wasu ce. A wurinmu zura wa dattijo ido rashin kunya ne. Amma sunkuyar da kai gaba ɗaya kana magana ƙasa-ƙasa shi ma yana sa a yi zaton kana ɓoye wani abu. Ka riƙa ɗagowa kana dubansa lokacin da kake faɗin farashi ko alƙawari, ka sauke ido lokacin da yake magana. Ana yi wa Katsinawa kirari da kunya ba tsoro ba, kuma wannan shi ne ma'aunin da nake ba yarana. Kunya ta sa ka rusuna, amma kada ta hana ka faɗin kuɗin kayanka da murya a sarari.

In an kawo ruwa ka sha ko kaɗan ne. In an ce bismilla ga abinci, ka sa hannu ka ɗan taɓa. Wayarka ta kasance a kashe ko a shiru cikin aljihu. Shi yana iya amsa waya sau goma kuna zaune, yana iya sallamar masu saye, kai naka haƙuri ne, in ya dawo ka ɗora daga inda aka tsaya ba tare da nuna gundura ba.

Maganar da ta kawo ka

Kuskuren da na fi gani wurin sababbi shi ne haddace bayani su zo su juye. Ka fara da tambaya. Awa nawa kuke samun wuta? Me da me kuke kunnawa? Lita nawa janareta ke sha a rana? Ɗan kasuwa ba ya gajiya da maganar abin da ke cin kuɗinsa. Misali ya ce lita 10 a rana, kuma yana buɗewa kwana 26 a wata. Ka ɗauki biro a gabansa: lita 260 a wata, lita 3,120 a shekara, a ninka da kuɗin lita na ranar. Ka bar shi ya faɗi jimillar da bakinsa. Mutanen nan sun fi ni da kai saurin lissafi, abin da suke so kawai a ajiye masu alƙaluman gaskiya.

Ka yi magana da Hausa tsantsa gwargwadon iko. Faranti, batir, inbata, waya, kowa ya san su. Cusa Turanci a gaban wanda bai yi boko ba yana sa ya ji ana so a rufe shi, a gaban wanda ya yi kuma ba ya burge shi. In a ofis ne aka fara da Turanci, sai ka bi.

Ka faɗi aibin kayanka kafin a tambaye ka. Batir yana da iyakar shekarunsa, za a canza shi wata rana. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti sai ana gogewa. Abin da aka auna don fitila da fanka da firji ɗaya ba zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki da injin niƙa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma ko ta fuskar kasuwa, wanda ka gaya wa gaskiya tun farko ba zai zo yana ɗaga murya a ofishinku ba. Abin da ba ka da tabbas a kansa ka ce, "Ranka ya daɗe, bari in tambayo injiniyanmu, gobe kafin azahar zan kira." Sannan ka kira kafin azahar ɗin. Kada ka kushe kayan wani kamfani, kada ka zagi wanda ya yi masa aikin baya, wataƙila ɗan ƙaninsa ne. In ka tarar sun riga sun yi nisa da wani a ciniki, ka janye da mutunci, shari'a ta hana ciniki a kan cinikin ɗan uwa.

Za a taya, kuma tayin farko zai iya ba ka haushi. Kada ka nuna. "Albarka, ranka ya daɗe" ta isa. Tun kafin ka fito ka tambayi maigidanka iyakar ragin da aka yarda ka yi, kuma kada ka zubar da shi duka a tashi ɗaya. Wanda ya ga ka sauko da sauri zai ɗauka da can cutarsa ka zo yi. In ya nemi abin da ya fi ƙarfinka, ka ce sai ka koma ka yi magana da na gaba. Wannan ba ya rage maka daraja.

Sai ka koyi jin abin da ba a faɗa ba. Mutanenmu ba su cika cewa a'a kai tsaye ba, musamman ga wanda aka turo. "Za mu duba" ko "sai na neme ka" ba tare da rana ba, yawanci sallama ce cikin mutunci. Amma in ya fara tambayar wata nawa garanti, ko ya kira ɗansa ya ce zo ka ji, ko ya ce a je a duba rufin, to magana ta kama. Na farkon kada ka matsa masa, ka yi godiya, ka bar lambarka, ka sake leƙowa gaisuwa bayan wata guda.

In an daidaita, a rubuta. Wasu za su ce, "Haba, ai mun yarda da kai." Ka ce don mantuwa ne da halin rai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma babu ɗan kasuwar da zai ƙi wannan hujja. A sa adadin faranti, girman batir da inbata, sunan kamfanin da ya ƙera su, kuɗi, ranar kafawa da sharuɗɗan garanti. Kuɗin kafin alƙalami su shiga asusun kamfani, ba naka ba, ko da Alhaji ya ce ya fi masa sauƙi, kuma a ba shi rasit nan take. Ka riƙa yawo da kwafin takardar rajistar kamfaninku ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da katin shaidarka na aiki cikin jaka mai tsafta, makarantu da ofisoshi sukan nema.

Kyauta, la'ada da na goro

Nan ne matasa da yawa ke zamewa. Wani Alhajin in za ka tafi zai miƙo maka wani abu ya ce ka sha mai. Mayar da hannun babba yana da nauyi a al'adarmu. Abin da nake yi shi ne in yi godiya sosai in ce kamfani ya riga ya biya kuɗin hanya. In ya nace har abin zai zama ɓacin rai, in karɓa, in na koma in sanar da maigidana a ranar. Wanda ya haɗa ku da mai saye yana da haƙƙin la'ada in an yi da shi haka, amma da sanin kamfani, ba a ɓoye cikin farashi ba. Abin da ba shi da wata fuska shi ne ma'aikacin ofis ko manajan wani ya ce a ƙara kuɗi a takarda a ba shi bambancin. Ko an kira shi na goro, cin hanci ne kuma cin amanar mai dukiya ne. A ofishin gwamnati laifi ne da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, wadda aka kafa a 2000, ke gurfanar da mutane a kansa. Ka ce ba ka da ikon hakan, ka kai maganar gaba. Za ka rasa wasu cinikin ta wannan hanya, ni ma na rasa, kuma ban yi nadama ba.

Kada ka daɗe. In ka ga ya fara duban agogo ko ya ce "to madalla" sau biyu, ka tattara takardunka, ka maimaita abin da aka tsaya a kai cikin jimla ɗaya, ka yi sallama da kowa har yaran waje. Da yamma ka tura gajeren saƙo na godiya, da sallama a farkonsa, ba muryar minti biyar a WhatsApp ba. Bayan an kafa kaya da sati ɗaya ka kira ka ji yadda suke aiki, tun kafin shi ya kira. In ka ji an yi masa rasuwa ka je ta'aziyya, kuma ranar ko da wasa kada ka ambaci sola.

Duk wannan daga abin da na gani ne a tsakanin 'yan kasuwar Katsina, Daura, Funtuwa da baƙinmu na Maraɗi. Mutane ba ɗaya ba ne. Za ka haɗu da matashin mai kuɗi da ba ya son doguwar gaisuwa, so yake ka turo masa farashi a waya, sai ka bi shi a haka. Idan kuma kamfaninku yana da dokar sutura, dokarsu ce gaba da shawarata.

Game da albashi, ga yadda zan kashe shi da ni ne. Watan farko takalmi mai kyau ɗaya da hula ɗaya, sannan ka kai kaftanan da kake da su wurin tela ya gyara inda ya saki, a wanke a goge. Wata na biyu ka ɗinka kala biyu masu duhu. Na uku ka ƙara kala ɗaya da hula ta biyu da jakar takardu. Kala uku ko huɗu da ake juyawa za su kai ka shekara. In ranar ganawa mai muhimmanci ce, ka bar babur ka hau Keke Napep, ko ka ɗora wata riga a sama ka cire in ka isa. Kwat kuwa ka jira sai ranar da aikin ya nema da kansa, in ta zo kafin ka shirya, aron ta kwana ɗaya wurin abokin nan naka ba laifi ba ne.